Jinin Namiji a Jijiyar Dakta

Shafi na 38

Masu cika min waya da saƙo cewa na mayar da Dakta abar tausayi, na ji ku. Ke kuma da kika rantse in aka kore ta daga aiki kin daina karantawa, gyara zama ki kurɓi ruwa, yau kwamiti zai yi magana.

*

Tun da aka dakatar da ita, Dakta ba ta sake taka cibiyar binciken ba sai yau. Ta kara katinta a jikin ƙofar da ta saba shiga, ƙofar ta yi mata jan haske ta ƙi buɗewa. Haka ta tsaya a gefe kamar baƙuwa har mai gadi ya zo ya buɗe mata, yana ta kauda kai don kada su haɗa ido.

Aikinta dai kun san shi. Tana nazarin garkuwar jiki, musamman wasu fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Rubutun halittar da aka haifi mutum da shi ba ya canzawa, amma rayuwa tana ɗora masa alamomi, ta kunna wani layi ta kashe wani. Waɗannan alamomin take karantawa, tana kwatanta na marasa lafiya da na masu lafiya.

Masu lafiyar ne suka jawo mata. A wurin nan in aka rasa mai ba da jini, ma'aikata ke naɗe hannun riga su miƙa wa juna, kowa ya san da haka. Ita ma ta miƙa nata, aka manna wa kwalbar lamba, aka rubuta mace lafiyayya. Da na'ura ta karanta sai ta ce wannan jinin na namiji ne. A sana'ar nan fassarar haka biyu ce: ko ka yi sakaci ka musanya kwalabe, ko ka cusa jinin wani don sakamako ya yi maka kyau. Ta yi rantsuwa har muryarta ta dishe cewa daga hannunta aka ɗiba. A makon jiya Farfesa, shugabar sashen, ta sake ɗibar jininta da hannunta a gaban kwamiti, ta kuma goga auduga a cikin kumatunta.

Yau sakamako ya fito.

Ta ƙwanƙwasa ofishin, aka ce ta shigo. Farfesa na zaune, tabarau a kan hanci. Dogo yana tsaye a jikin taga. Shi ne mai tace alƙaluma a kwamfuta, kuma shi ya fara kai rahoton kwalbar. Duk tsawonsa yau ya wani rusuna, sai ka ce shi ake tuhuma.

"Zauna," in ji Farfesa.

"Gara in tsaya, ranki ya daɗe."

"Na ce ki zauna. Ba na son ɗaukar mutum daga ƙasa, bayana ciwo yake."

Ta zauna a bakin kujera.

"Jinin nan ni na ɗiba. Ni na kai shi, ni na tsaya a kansa har aka gama. Ko fitsari ban fita ba."

"Na'am."

"Namiji ne."

Dakta ta ji ɗakin ya yi mata nisa. Ta yunƙura za ta miƙe.

"Tsaya, ban gama ba. Audugar da na goga a bakinki ta ce mace. Kuma sabon jinin da na tsohuwar kwalbar iri ɗaya ne sak, ba bambanci."

"Wato..."

"Wato ba ki musanya komai ba, ba ki cusa komai ba. Jininki ne kamar yadda kika faɗa tun farko. An janye dakatarwar. Kafin ki sauka ƙasa katinki zai yi aiki."

Ni dai na zaci kuka za ta fara, ashe dariya ce ta ƙwace mata. Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, sai ga hawaye sun biyo baya, abin ya haɗe mata. Wani nauyi da ta manta ma tana ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjinta. Alhamdulillahi kawai take maimaitawa. Farfesa ta turo mata kwalin takardar share fuska, ta kauda kai tana gyara tabarau da bai karkace ba.

Dogo ya matso, ya rasa inda zai ajiye hannayensa.

"Dakta, wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba. Da na sani..."

"Da ka san me? Da ka ɓoye?"

"A'a, amma da na same ki tukuna."

"Aikinka ka yi. Da ni na gani a naka, da haka zan yi." Ta share ido. "Amma kwalabena kai za ka riƙa wankewa har sai na huce."

"Har da na ɗalibanki in kina so."

"Ku bar shirmen nan," Farfesa ta katse su. "Akwai sauran magana. Ke fa kike koyar da wannan darasin. Mace da jinin namiji a jijiyarta, bakinta kuma ya ce mace. Me za ki ce wa ɗalibi?"

Dakta ta sunkuyar da kai. Amsar tana nan a kanta tun ɗazu, tsoron taɓa ta take yi.

"Dashen ɓargo," ta ce a hankali. "Ɓargo ke yin jini, in na namiji aka dasa, jinin namiji zai riƙa yi. Amma ni ko ƙarin jini ba a taɓa yi min ba."

"A saninki."

"Ranki ya daɗe, ai abu irin wannan ba a mantawa."

"In kina cikin zanin goyo aka yi fa? Ki je ki tambayi mahaifiyarki." Farfesa ta cire tabarau. "Mu nan mun gamsu. Amma masu ɗaukar nauyin bincikenki ba su san ki ba, ba su ga fuskarki ranar da kike rantsuwa ba. Sun ce a kawo wanda ya ba da ɓargon, a gwada nasa da naki. In sun dace, an rufe maganar har abada, aikinki ya fita da sunanki a kai. Kafin nan yana ajiye."

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Dakta, ta miƙe tana murmushi. "Ɓargo ai na ɗan'uwa ya fi dacewa, kuma wa ɗaya gare ni a duniya. Gobe zan jawo shi ko yana ihu."

Kafin ta tafi sai da ta leƙa ɗakin gwaji. Ta kara katin, ƙofar ta yi kore ta buɗe. Ta sake rufewa ta sake karawa don daɗi kawai. Farar rigarta tana rataye a inda ta bar ta, biro a aljihu. Manyan firjin nan suna ta gurnaninsu, warin maganin goge tebur ya cika hanci. Ba ta taɓa sanin tana son warin nan ba sai yau.

*

Rana na tsaka ta isa gidan Umma. Motar aikin Yaya tana ƙofa, da tsani ɗaure a samanta. Gyaran wutar lantarki yake yi, kuma duk inda aiki ya kai shi, cikinsa ya san hanyar gidan uwarsa da azahar.

Ta yi sallama da ƙarfi, ta tarar da shi zaune a ƙasa ya kwance fankar Umma gunduwa-gunduwa a kan jarida. Umma na kan kujera tana ninke kayan wanki.

"Auta?" Umma ta saki rigar da ke hannunta. "Me suka ce?"

"Sun wanke ni, Umma. Na koma aiki."

"Allah na gode maka!" Umma ta ɗaga hannu sama, ta sauke, ta sake ɗagawa. "Na faɗa, na faɗa! Yarinyar da ko canjin aika ba ta taɓa ɓoyewa ba, ita ce za ta yi ha'inci?"

Yaya ya buga sukurdireba a ƙasa.

"Shi ke nan, mun huta da kumburin fuska. Wallahi kwanakin nan ko gaishe ki tsoro nake ji."

Maimakon ta rama kamar yadda ta saba, sai ta durƙusa a gabansa ta kama hannunsa mai baƙin mai, ta riƙe da hannu biyu. Ya dube ta, ya dubi Umma.

"Lafiya? Umma, ko dai sun taɓa mata kai a can?"

"Kai fa, Yaya. Kai da in ka ga allura sai ka nemi hanyar bayi. Ashe kai ne."

"Ni ne me?"

Ta juya ga Umma, har yanzu tana riƙe da shi.

"Umma, jinina na namiji ne. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba. Hanya ɗaya ce haka ke faruwa. An yi min dashen ɓargo ina jaririya, ko ba haka ba?"

Umma ta ɗauki rigar da ta faɗi. Ta ninke ta, ta warware, ta sake ninkewa.

"Wa ya faɗa miki?"

"Jinin ne ya faɗa."

"Oh ni," in ji Umma. "Na ɓoye wa dangi, na ɓoye wa makwabta, ashe da hannuna na biya kuɗin makarantar da za a tona ni."

Dariya ta kama su su uku, Umma na yi tana goge ido da bayan hannu. Sai ta ja numfashi.

"Tsakaninki da yayanki akwai wani yaro, kin san wannan. Na ce miki zazzaɓi ne ya ɗauke shi. Mura ce, Auta, mura kawai. Da aka haife ki kika fara irin nasa, sai likitoci suka duba. Suka ce an haife ki ba ki da masu tsaron jikin nan da kike ta karatu a kansu. Babu su sam."

Dakta ta saki hannun Yaya ta zauna daɓas.

"Ni?"

"Ke. A ɗakin gilashi kika yi watanni. Sai na wanke hannu har gwiwa, na sa riga, na rufe hanci, kafin in taɓa 'yar da na haifa. Da aka yi dashen ya kama, likita ya ce in kai ki gida ki yi rayuwa kamar kowa. To, na ɗauki maganarsa."

"Shi ne ba ki taɓa faɗa min ba?"

"Da na faɗa, da kowa ya riƙe ki kamar ƙwai. Kar ta yi gudu, kar ta shiga ruwa, kar ta tafi karatu nesa. Ke kanki da kin riƙe kanki haka. Ni kuwa so nake ki hau bishiya ki faɗo."

"Ta kuwa hau," in ji Yaya. "A kaina ta faɗo."

"Ranar da kika zo kika ce min garkuwar jiki za ki karanta, ɗaki na shiga na rufe ƙofa. Na ce ya Allah, duk karatun duniya sai wannan?"

Dakta ta rarrafa ta ɗora kai a cinyar Umma. Ba ta ji haushi ba ko kaɗan, ita kanta ta yi mamaki. Makonnin nan ban da tsoron kora, akwai wani tsoron da ba ta faɗa wa kowa ba, cewa wata muguwar cuta ce ke juya mata jini. Ashe ba cuta ba ce, magani ne, kuma ya fi shekara talatin yana aiki ba tare da ta ce masa sannu ba.

"To alhamdulillahi," ta ce, ta ɗago. "Saura abu ɗaya. Yaya, gobe da safe za ka bi ni wurin aiki. Ba allura, na yi maka alkawari, auduga kawai za a goga a bakinka. Suna ganin ya dace da jinina, magana ta ƙare."

Yaya ya kauda kai. Ya ɗauki fiffiken fanka yana gogewa, fiffiken da ya riga ya goge.

"Yaya, da kai nake."

"Na ji."

Wayarta ta yi ƙara. Dogo ne. Ta saka shi a lasifika don hannunta ɗaya yana cikin na Umma.

"Dakta, kina zaune?"

"Yau kowa sai ya zaunar da ni. Mene ne kuma?"

"Ba matsala ba ce, sha'awa ce ta kama ni. Kin san alamomin nan suna canzawa da shekaru, kamar furfura. Kuma jinin dashe shekarun mai shi yake bi, ba na wanda aka saka wa ba. Sai na ce bari in duba shekarun naki."

"To? Yayana ya ba ni shekara shida. Ka ga kusan arba'in ko?"

Dogo ya yi ɗan tari.

"Ya haura sittin."

"Lissafin nan yana kuskure, ka sani."

"Yana kuskuren shekara uku, huɗu. Ba ya kuskuren ashirin. Na maimaita ta hanya biyu."

Ta kashe wayar ba sallama. Yaya ya ajiye fiffiken a hankali kamar zai fashe.

"Ni aka fara gwadawa," ya ce, idonsa a kan jarida. "Ina tuna ranar, daga nan ma na tsani allura. Nawa bai dace ba."

"Umma?"

"Ni ina jego, jikina ba ƙarfi. Suka ce ba za su taɓa ni ba."

Namiji, ya haura sittin, kuma na jikinta ne har ɓargonsa ya zauna a nata. Dakta ta zare hannunta daga na Umma.

"A'a."

"Auta..."

"A'a, Umma. Kada ki ce shi ne."

Ku da kuka biyo labarin nan kun san a gidan nan akwai mutumin da Dakta ba ta kiran sa Baba. Mutumin nan, haka take ce masa. Tana aji uku a sakandare ya fita da jaka ɗaya wata safiya, bai sake kwana a gidan ba. Da ya fara neman ta bayan shekaru, ta toshe lambarsa. Ya sake wata, ta toshe. Ko a kan takardun bincikenta ta cire sunansa daga jikin nata, ta ce wanda bai ga wahalar karatun ba ba zai ci sunan ba.

"Mahaifinki ne," in ji Umma. "Sau biyu aka huda masa ƙugu, don na farko bai kama ba. Likita ya ce a jira ya warke, ya ce 'yarsa ba ta da lokacin jira. Har yau in an yi sanyi yana ɗingishi."

"Kina kallo ina zagin sa shekara da shekaru."

"Ina kallo."

"Kina da maganar da za ta rufe min baki, kika yi shiru?"

"Na so in faɗa. Ranar da kika toshe shi karo na biyu na kira shi da kaina, na ce bari in gaya mata ko ta sassauta. Ya hana ni. Ya ce tafiyar da ya yi laifi ce, kuma ɓargo ba ya goge ta. Ya ce in za ki yafe masa ki yafe don kin ga dama, kada ki yafe don kin ji kamar ana bin ki bashi."

Dakta ta dubi hannunta, wurin da Farfesa ta soka allura, ɗan tabon bai gama ɓacewa ba. Duk murar da ta yi ta warke, duk ciwon da ya zo ya wuce, har dogon zazzaɓin da ta yi a shekarar ƙarshe ta jami'a tana cewa ita kaɗai ta tsaya wa kanta, ashe jininsa ne ya yi mata yaƙin. Haushi take nema a ranta ta riƙe, ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

"Sai da nasa za su rufe maganar," ta ce. "Ko ba haka ba, aikina yana ajiye."

"Ina da lambarsa," in ji Yaya.

Ta harare shi.

"Tun yaushe?"

"Kada ki cinye ni. Ubana ne."

"Kai ka je. Zan ba ka audugar da kwalbar, ka goga a bakinsa ka kawo min."

"Sai dai ki faɗa masa da bakinki. Ni na gaji da zama waya a tsakaninku."

Kafin ta ce wani abu ya danna lambar, ya ajiye wayar a kan tebur a gabanta. Ta yi ƙara sau ɗaya, aka ɗauka.

"Babban mutum, ya aiki?" Muryar ta tsufa, ta yi kaushi, amma ita ce.

Umma ta rufe ido.

"Kana ji na?"

"Ni ce," in ji Dakta.

Sai ta ji numfashinsa, da ƙarar kujera kamar ya nemi wurin zama.

"Auta."

"Ba gaisuwa na kira ba. Wurin aikina suna buƙatar gwaji daga jikinka. Auduga kawai za a goga a bakinka, Yaya zai zo ya..."

"Kin sani ke nan."

"Na sani."

"Uwarki ce?"

"Jininka ne ya faɗa."

Ya yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya.

"Ko me suke so a jikina, naki ne. Jini, ɓargo, duk abin da ya rage."

Ta runtse ido. Ta buɗe baki za ta ce to.

"Amma ba zan buɗe wa yayanki baki ba," ya ce. "Ke ce likitar. Ki zo ki ɗiba da hannunki."